Goma Sha Ɗaya Ba Ɗaya

A gwangwanin madarar da Inna ta yar
nake ajiye mutum goma.
Rigunansu ruwan ɗorawa,
kowa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ƙwallo
kamar wanda ya take maciji yana jiran a miƙo sanda.

Kadojin Masaƙa ke nan.
Ran Asabar kada ka neme mu a Tudun Wada,
saurara dai ta wajen Kakuri.
Kafin magariba muryoyinmu sun dushe,
ko an ci mu, ko mun ci.

Cikin takardar alewa katin ke zuwa,
naira biyu a teburin Iya Sikira, bakin dogo.
Na sha zaƙi har turmin haƙorina ya yi kogo.
Tanimu Ƙafar-Hagu ya fito mini sau tara.
Sau tara! Har na fara jin haushin murmushinsa.

Kasuwarmu tana ci bayan aji, gindin dalbejiya.
Tanimu uku, Ayuba Guguwa ɗaya.
Wanda kunnensa ya lanƙwashe rabin mutum ne,
wanda ya sha ruwan sama sai dai gyara.

Amma Maikano mai tsaron raga,
wanda aka ce da danƙo aka yi masa wankan jego,
duk makarantar a aljihun Shekwolo kaɗai yake kwana.

Na taya da Tanimu shida.
Ya ce albarka.
Na ƙara da motar langa-langa mai tayar silifa,
da kuɗin tarana na mako guda.
Ya hura katin, ya goge shi a ƙirji,
ya ce albarka, amma mu gani bayan hutu.

Hutun bai ƙare yadda ya saba ba.
Shekarar ce gari ya tsage bin kogi.
Ta ramin ƙyaure na hango akori-kura
ɗauke da katifunsu da turmin uwarsa
ta miƙa gada, ta yi kudu.
Daga baya masaƙa ta yi shiru,
ciyawa ta cinye filin har da turakun raga.
Tanimu ma, an ce, faci yake yi a hanyar Zariya.

Ni dai mutanena goma suna nan.
In an ɗauke wuta nakan jera su kan tabarma,
huɗu a baya, huɗu a tsaka, biyu a gaba,
bayansu kuma fili, faɗin yatsa uku.

Bara, na sauke fasinja a Sabon Tasha,
wani mai sanƙo ya dafa keken, ya leƙo:
Kai, har yanzu Tanimun naka tara ne?
Ban san lokacin da na kashe inji ba.

Ya zaro shi daga bayan katin zaɓe.
Fuskar ta koɗe, hannuwan nan dai a buɗe.
Ya ce karɓi, na gaji da yi maka gadi.

Na riƙe shi. Bai kai nauyin ganyen zogale ba.
Na dubi gada, na dubi sanƙon.
Na ce ba a yi haka da ni ba,
kaya sai da ciniki.
Tanimu bakwai.

Ya daɗe yana kallona
kafin dariya ta ƙwace masa.
Ya ce albarka.

Yanzu duk Asabar ina haye kogi da sabon tayi.
Makon jiya har tsire na ɗora a kai,
muka cinye tsiren, ciniki bai faɗa ba.

Rahinatu ta ƙirga su daren jiya da ɗan yatsanta,
ta ce Baba, wa ke tsare musu gida?
Na ce yana tsallake, aro muka bayar.
Rufe gwangwanin da kyau, kada tururuwa ta shiga.